Waiwaye: Masuntan Tsibirin Fogo Da Kifin Da Ya Ƙare

A watan Yunin 2024 gwamnatin Kanada ta sanar da ɗage haramcin kamun kifin kod a tekun arewa maso gabashin lardin Newfoundland, shekara 32 bayan kafa shi. Tan 18,000 kacal aka yarda a kama a wannan shekarar, a ruwan da aka taɓa kwashe tan 810,000 a 1968 kaɗai. Kifin ba baƙo ba ne a wurinmu, irinsa ne busasshen nan mai tauri kamar itace da ake kawowa kasuwannin Najeriya daga Norway. Amma a tsibirin Fogo shi ne ci, shi ne sha, shi ne dalilin zaman wurin tun farko.

Fogo ɗan tsibiri ne a gaɓar arewa maso gabashin Newfoundland, tsawonsa kusan kilomita 25, faɗinsa 14, mutanensa a yau dubu biyu da 'yan kai. Dutse ne da iska da sanyi, ƙasar ba ta ba da komai sai ɗan dankali da kabeji. Mutanen yammacin Ingila da na Ayilan ne suka zauna cikinsa a ƙarni na 18, suka kafa ƙauyuka irin su Tilting da Joe Batt's Arm da Seldom, kowanne a bakin wani lungun ruwa da kwalekwale zai iya fakewa.

A wancan zamani rayuwar duka a bakin gaɓa take. Kowane gida yana da rumfar katako da aka ɗora kan turaku, ta miƙa kai a kan ruwa, an shafe ta da jar ƙasa da aka kwaɓa da man kifi. Da bazara ta shigo, ƙananan kifaye su yo gaɓa don zuba ƙwai, kod ya biyo su, sai gari ya daina barci. Maza su fita tun kafin asuba, su dawo kwalekwale ya cika har yana neman shan ruwa, a riƙa cillo kifi sama kan rumfa. A teburi guda ake aikin, hannu da hannu: wannan ya tsaga wuya da ciki, na gaba ya cire kai da hanji ya jefa hanta a ganga don a tatsi mai, na uku ya zare ƙashin baya da wuƙa ya buɗe kifin kamar littafi, na ƙarshe ya jera ya barbaɗa gishiri. Daga nan aiki ya koma hannun mata da yara. Su ne ke wanke kifin, su shanya shi a kan dandamalin rassan itace, su juya, su tattara da yamma. Idonsu kullum yana sama, domin yayyafi kaɗan zai lalata wahalar mako guda, rana kuma idan ta yi yawa sai ta ƙone naman. Ni a ganina ba a yi wa matan nan adalci a tarihi, don darajar kifin a hannunsu take fitowa.

Sai dai wanda ya sha wahalar ba shi ke cin ribar ba. Da bazara attajiri yake ba masunci gishiri da igiya da fulawa bashi, da kaka kuma ya karɓi busasshen kifin ya rage a littafi. Shi ke yanka farashin kaya, shi ke yanka na kifi, mai tantance ingancin kifin ma sau da yawa yaronsa ne. Iyali kan shekara ba su riƙe tsabar kuɗi ba, ɗa ya gaji bashin ubansa tare da kwalekwalen. Kifi mai kyau ya tafi Fotugal da Sifaniya da Italiya, mafi ƙasƙanci kuma a tura shi tsibiran Karibiyan, inda a da shi ne abincin bayin da aka kwaso daga Afirka. Gidan Slade na garin Poole a Ingila ya daɗe yana riƙe da wannan ciniki a Fogo, daga baya gidan Earle ya gaje shi.

Kwalekwalen da kansu suke sassaƙawa da hunturu, daga itacen da suka saro a daji. Akwai ƙarami na tuƙin hannu, akwai babba mai ɗaukar tarun nan mai kama da ɗaki a cikin ruwa, wanda kifi ke shiga ya kasa fita. Ko da injin ya zo, ba a nisa da gaɓa. Kifi ake jira ya zo.

To, daga shekarun 1950 sai ya daina zuwa. Manyan jiragen Turai da na Tarayyar Sobiyat, masu jan koma a ƙasan teku su daskarar da kifi a cikinsu, suka riƙa tare shi tun a can tsakiyar ruwa, dare da rana, har lokacin da yake taruwa don haihuwa. Taru a Fogo ya fara fitowa ba komai. A 1967 gidan Earle ya rufe, gidaje da yawa suka koma cin tallafin gwamnati. A lokacin kuwa gwamnatin Joey Smallwood, firimiyan Newfoundland, tana kwashe ƙananan ƙauyukan gaɓa tana mai da su manyan garuruwa. Tsakanin 1954 da 1975 kusan ƙauyuka 300 aka watsar. Kowa ya ɗauka Fogo ma ta kama hanya.

Abin da ya faru a maimakon haka shi ya sa ake ambaton tsibirin har yau. A 1967 ɗin, Colin Low na hukumar fina-finai ta Kanada, tare da Donald Snowden na Jami'ar Memorial ta Newfoundland, suka ɗauki gajerun fina-finai 27 na mutanen suna faɗin damuwarsu da bakinsu. Aka riƙa haska su ƙauye-ƙauye. Mutanen da bambancin ɗarikar coci da nisan hanya suka raba, sai ga shi ɗan Katolika na Tilting yana jin ɗan Angilika na wani ƙauyen yana kukan da shi ma yake yi. Aka nuna wa jami'an gwamnati su ma. Kafin shekarar ta fita suka kafa ƙungiyar gama kai, suka fara ƙera jirage masu girma da za su iya bin kifi can nesa, suka karɓi wuraren sarrafa kifin da attajirai suka bari. Jirgi da sikeli suka zama na masunta.

Wannan bai dawo da kod ba. Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 a 1977, ta kori baƙi, sannan jiragenta suka ɗora daga inda aka tsaya. Ranar 2 ga Yulin 1992 ministan harkokin kamun kifi na Kanada John Crosbie ya rufe kamun, wai na shekara biyu, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a a lardin. Matasan Fogo da yawa sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Ƙungiyar kuwa, da yake tana da jiragen da ke iya shiga ruwa mai zurfi, sai ta juya ga kaguwa da jatan lande, kuma har yanzu ita ke riƙe da sana'ar tsibirin.

Da aka ɗage haramcin a 2024, an ware wa manyan jiragen jan koma wani kaso a cikin tan 18,000 ɗin. Ƙungiyar masuntan gaɓa ta lardin ta fito ta ce ba ta yarda ba.