Sandar golf ta lalace, kamfani ya ƙi biyan garanti: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina gyaran sandunan golf, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum. Mutum ya zo da sanda a karye, rai a ɓace, ya ce kamfani ya cuce shi. Wani lokaci da gaskiyarsa, wani lokaci kuwa shi ya jawo wa kansa. Na tara amsoshin wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambayata.

Sun ƙi. Me zan fara yi?

Ka ɗauke hannunka daga kan sandar. Kada ka sa mata gam, kada ka goge bakin karayar, kada ka yar da guntun da ya fita. Wannan karayar ita ce shaidarka, ba ka da wadda ta fi ta. Sannan ka nemi su rubuto maka dalilin ƙin, su kuma nuna maka sakin layin da suka dogara da shi a takardar garantinsu. Abin da aka faɗa maka a waya iska ce.

Me garanti ya ɗauki nauyinsa?

Aibin da ya fito daga masana'anta, ko a ƙira ko a kayan da aka yi sandar da su. Shi ke nan. Tsufa, ƙarzuwar fenti, cinyewar robar mariƙi, goguwar layukan fuskar da ke dukan ƙwallo, duk naka ne.

Haushi ya kama ni na maka ta da ƙasa. Za su biya?

A'a.

Kuma kada ka kawo mini zancen dokar wasa, don na sha jin sa. Gaskiya ne tun 2019 dokokin da R&A da USGA, hukumomin da ke kula da dokokin golf, suke fitarwa sun yarda ka ci gaba da wasa da sandar da ta lalace a tsakiyar zagaye ko ka gyara ta, kuma daga 2023 kana iya musanya ta ma, sai dai gyaran da musanyar duka sai in ba da gangan ka ɓata ta ba. Wannan tsakaninka ne da alƙalin wasa. Kamfanin da ya ƙera sandar babu ruwansa.

Na sayi ta hannu, ko na same ta da araha a intanet fa?

Yawancin garanti na wanda ya fara saye ne, daga dillalin da kamfani ya amince da shi. In ta hannu ce, da wuya. In kuwa suka duba lambar da ke wuyan sandar suka ce jabu ce, to magana ta ƙare da su, sai ka koma kan wanda ya sayar maka. Araha ba ta ado, malam. Sau nawa zan faɗa?

Garantin na tsawon wane lokaci ne?

Yana jikin takardarka. Callaway da TaylorMade shekara biyu suke bayarwa a kan sanduna, wasu kamfanonin shekara ɗaya. Daga ranar saye ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka fara buga ƙwallo da ita ba.

Rasit ya ɓata.

Haba! Mutum ya ware kuɗi masu kauri ya sayi sanda, amma ɗaukar hoton rasit na daƙiƙa biyar ya gagare shi. To, kwantar da hankalinka, ba a rasa mafita ba tukuna. Duba imel ɗinka, nemi bayanan asusunka daga banki, ka koma kantin su duba kwamfutarsu. Abin da ake so shaida ce ta ranar saye da wurin saye, ba lallai sai takardar asali ba.

Ina cikin bugu na ƙa'ida ta karye, su kuma sun ce ni na wulaƙanta ta. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ba guda ba ce. Ta danganta da inda ɓarnar take da kuma kamanninta.

Mu fara da ƙota, wato doguwar sandar da ke tsakanin mariƙi da kai. Ta ƙarfe takan lanƙwashe ko ta yi tsatsa daga ciki, kuma labarinta a fili yake. Ta girafait ce mai rikici. Zare ne na kabon aka naɗe hawa-hawa aka haɗa da gam, don haka tana iya jin rauni yau ta yi shiru, sai bayan wata guda ta ɓalle a kan bugun da babu laifi a cikinsa ko kaɗan. Ka ga ke nan kai ba ƙarya kake yi ba da ka ce bugu mai kyau ka yi, su ma ba lallai ƙarya suke yi ba da suka ce an ji mata ciwo. Mutane ba sa son jin wannan, amma haka abin yake.

In ta karye dab da wuya, inda ƙota ta shiga kai, fenti lafiya lau, babu wani tabo a kusa, to kana da magana mai ƙarfi. Sau da yawa bakin ramin wuyan ne ba a goge shi da kyau ba, kaifinsa ya riƙa cin zaren a hankali. Ban ce kullum ba. Wanda yake yawan dukan ƙwallo da wuyan sanda, ko yake sarar ƙasa mai tauri, shi ma a nan tasa take karyewa, kuma tabon yakan nuna. In kuwa a tsakiya ta karye, gaskiya maganarka ta yi rauni, domin da wuya bugu kaɗai ya karya lafiyayyar ƙota a wurin. Yawanci murfin but ɗin mota ne ya taɓa danne ta, ko jaka ta faɗi a kanta, ko an jingina da ita.

Akwai wani matashi da ya kawo mini tasa gida biyu, yana ta rantsuwa bai taɓa buga ta da komai ba. Na yarda da shi. Na ɗauki guntun na shafa da babban yatsa kamar taƙi ɗaya daga wuya, sai na ji wurin ya ɗan faɗa. Na juya shi a haske: fentin ya cinye ya zagaye kamar zobe, baƙin zare ya fito fili. Na ce ya kawo jakarsa. Bakin jakar ya yage, roba mai tauri ta bayyana, ita ce take ta gogar ƙotar duk takun da ya yi a fili. Hular sandar kuma gajeriya ce, ba ta sauko ta kare wurin ba. Wannan babu kamfanin da zai biya, kuma na gaya masa haka duk da ban so ba.

Sai kan sanda, musamman na babbar sandar bugun farko. Ƙoƙo ne, cikinsa fanko, girmansa ba ya wuce cc 460 bisa doka. Fuskarsa milimita kaɗan ce, samansa ma ya fi ta siranta, a wasu ma kabon ne aka manna wa ƙarfe. In fuska ta tsage ko ta lotsa a tsakiya, inda aka yi ta don ta daki ƙwallo, babu ramin tsakuwa a wurin, to ka tsaya kan bakanka. Haka in mahaɗar kabon da ƙarfe ta buɗe, ko walda ta saki, ko kai ya fice daga ƙota saboda gam ya gaza. Amma in tsagar a sama take, ga kuma tambarin ƙwallo a gefen saman, alamar ka shiga ƙarƙashin ƙwallo ta hau kai, to za su ce saman ba wurin bugu ba ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Wasu kamfanonin sukan yi alfarma su musanya duk da haka. Alfarma ce, kada ka je kana neman ta da faɗa.

Inda nake jin haushin kamfanoni shi ne su ga ƙarzuwa a gindin kai su ce ga dalilin tsagewar fuska. Wace sanda ce ake wasa da ita gindinta bai ƙarzu ba? Na taɓa aika wa wani kamfani sandar wani da nake yi wa gyara, suka ƙi daga kallon hoto biyu kawai. Na rubuta musu layi uku: ku nuna mini abin da ya haɗa wannan ƙarzuwa da wannan tsaga, ku karɓi sandar ku duba ta da hannu, kuma wani babba ya sake kallon maganar. Suka karɓa, suka duba, suka musanya. Ban ce kai ma haka taka za ta kasance ba. Na ga waɗanda suka bi hanyar nan daidai aka sake ƙi. Amma dubawa ta biyu takan bambanta da ta farko, don mai amsa saƙon farko sau da yawa ba shi ne masanin ƙarfe ba.

Kafin ka aika, ɗauki hotuna a hasken rana: sandar gaba ɗaya, bakin karaya ta kowane ɓangare, fuska, sama, gindi, da lambar wuya. Gani ya kori ji. In akwai ƙwararren mai gyara ko malamin golf da ba shi da alaƙa da kamfanin, ya duba ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Bi ta kantin da ka saya in zai yiwu, domin suna da wakilin kamfani da suke magana da shi kai tsaye. Ka kuma rubuta cewa in sun ƙi, su dawo maka da kayanka. Abu na ƙarshe, kuma da gaske nake: kada ka yi ƙarya. Masu duba nan sun ga karaya iri-iri, saiwar bishiya da kwalta duk suna barin sawu. Suka kama ka a ƙarya ɗaya, gaskiyarka goma ta zube.

Na sa wani mai gyara ya canja mini ƙota. Garanti ya mutu?

Na ƙotar asali, ai babu ita. Na kai kuwa akwai magana. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa duk sauyin da ba su suka yi ba yana soke garanti, kuma in zafin wutar da aka cire tsohuwar ƙota da shi ne ya ɓata kan, to ba ka da bakin magana. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garantinsa da sharaɗin sai an yi amfani da kayan gyaransa, sai in kyauta yake bayarwa, amma ba ta tilasta masa biyan ɓarnar da kayan wani suka jawo ba. A wasu ƙasashen abin da takarda ta ce shi ne a gaba. Sandunan da ake kwance kansu da sifana kuwa, an yi su ne don a kwance. Ka dai yi amfani da sifanar da ta zo da ita, ka tsaya da ta yi ƙas. Masu ƙara murɗawa bayan nan, ku daina.

Kamfanin jirgin sama ne ya karya mini ita.

Wannan ba maganar garanti ba ce, kada ka ɓata lokacinka. Ka kai ƙara a teburin kaya kafin ka bar filin jirgi. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta shafa, kwana 7 ne kawai kake da su daga karɓar kaya don ka rubuta ƙorafi. Wasu kamfanonin jirage ba sa ɗaukar alhaki in jakar ba mai tauri ba ce, sai ka duba sharuɗɗansu. In kana da inshorar tafiya, ita ma a taɓa ta.

Kamfani ya kafe, ko garanti ya ƙare. Shi ke nan?

Ba lallai ba, kuma nan ne mutane suke barin haƙƙinsu a banza. Garanti alkawarin mai ƙera ne. Haƙƙin da doka ta ɗora wa mai sayarwa daban yake, kuma ƙin da kamfani ya yi ba ya shafe shi. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka, kuma a cikin wata shida na farko mai kanti ne zai kawo shaidar cewa kayan lafiya yake ranar da ya sayar. A Ingila kana iya kai ƙara har shekara shida, a Scotland biyar, sai dai bayan wata shidan nan kai ne mai kawo shaida. A Tarayyar Turai aƙalla shekara biyu doka ta ɗora wa mai sayarwa. Kowace ƙasa da nata tsarin, sai ka nemi hukumar kare masu saye ta inda ka sayi sandar. In da kati ka biya, tambayi bankinka ko zai iya karɓo maka kuɗin, kuma ka yi da wuri don abin yana da wa'adi.

In fallasa su a kafafen sada zumunta?

Ba yanzu ba. Ka fara zagi, ƙofar alfarma ta rufe. In ka gama bin matakai ka ga dole sai ka yi magana, faɗi abin da ya faru kawai, da hotuna, ba ƙari.

Sun ce ba za su musanya ba, amma za su yi mini ragi a kan sabuwa. In karɓa?

Dubi karayar nan da idon gaskiya, ɗan'uwa. In tsakiyar ƙota ce, ko saman kai mai tambarin ƙwallo, ko garanti ya riga ya wuce, karɓi ragin ka gode. In ƙota ce kawai ta tafi kai yana nan lafiya, sabuwar ƙota a wurin mai gyara za ta fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa fuska ce ta tsage a tsakiya, rasit na hannunka, wa'adi bai cika ba, to kada ka karɓa tukuna. Ka ce sai sun duba sandar da hannu, kuma kada ka sa hannu a kowace takarda da ta ce magana ta ƙare kafin amsar dubawar ta zo.