A buɗe wa kifi hanyar fadama

Duk wanda ya saba sayen kifi a bakin kogin Isa a nan Yamai ya ga abin da ya sauya. Giwan ruwan da a da sai mutum biyu suke ɗauka ya koma labari a bakin tsofaffin masunta, karfasar da ake jerawa a faranti da ƙyar take cika tafin hannu, daskararren kifin teku da ake shigowa da shi cikin kwali kuwa ya samu wurin zama har a tukwanen gidajen da ke kallon kogi. Idan aka tambayi dalili, amsar da ake fara bayarwa ita ce masunta sun yi yawa kuma idon raga ya ƙanƙance. Gaskiya ne, amma rabin magana ce. A shekarun da na yi ina aikin gandun daji da kula da harkar kamun kifi a ƙauyukan bakin kogi, tsakanin Karma da Say, ɓarnar da na fi gani ita ce toshewar hanyar da kifi ke bi ya je ya hayayyafa.

Yawancin kifin kogin nan ba ya zuba ƙwai a tsakiyar gulbi. Idan ruwa ya fara tasowa da damina, ya yi ja, ya soma malala cikin ƙoramu da fadamu, sai kifin da ya ɗauki ƙwai ya bar gurbin da ya yi rani a ciki, ya bi sabon ruwa. Tarwaɗa da ramboshi sukan kutsa har inda ruwa bai kai gwiwa ba, galibi da dare bayan an yi ruwan sama. Bargi yakan share wuri a cikin ciyawar ruwa, ya yi sheƙa mai faɗin kamar mita 1, ya tsaya gadin ƴaƴansa, yauni kuma yakan haɗa tasa sheƙar da ciyawa a saman ruwa. Kawara da falia sukan tafi ayari guda, tsage yana biye da su yana farauta. Abin da ke jan su duka shi ne ruwan fadama ba shi da zurfi, yana da ɗumi, kuma ruɓaɓɓiyar ciyawa da kashin dabbobin da suka yi kiwo a wurin da rani suna haifar da ƙananan halittun da ɗan kifi ke ci tun ranar da ya fara neman abinci, ga ciyawar burgu da zai ɓuya a ciki daga manyan kifaye da tsuntsaye. Bayan wasu watanni, ruwa ya fara janyewa, ƴaƴan sun yi ƙwari, sai su gangara kogi ta hanyar da iyayensu suka hau. Tafiya biyu ke nan a shekara, hawa da gangarowa, kuma idan aka tare ɗaya daga cikinsu haihuwar wannan shekarar ta salwanta. Gaiwa ce kaɗai ke iya zama a baya, ta shige cikin laka ta jira wata daminar.

Allah ya ba wannan yanki cikar kogi biyu a shekara. Ta farko ita ce ta jan ruwa a watannin Agusta da Satumba, wadda Goruwal da Dargol da Sirba ke kawowa daga wajen Burkina Faso. Ta biyu ruwan saman ƙasar Gini ne, wanda ke shafe watanni yana ratsa babbar fadamar ƙasar Mali kafin ya iso mana a Disamba da Janairu. A ƙasan birni kuma akwai Gorubi da Diyamangu da Tapowa da Mekru, ban da ƙananan koriyoyin da ba sa gudu sai an yi ruwa. Bakin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, da bakin kowane reshe da ke kai ruwa fadama, ƙofa ce ta kifi. Wanda ya san watan Yuni na 1985, lokacin da kogin ya daina gudu a Yamai har mutane suka riƙa tsallaka shi da ƙafa, ya san cewa kogin da ya yi tafiyar kusan kilomita 550 a cikin ƙasarmu ba abu ba ne da ya fi ƙarfin lalacewa.

Babban mai rufe waɗannan ƙofofi shi ne yashi, shi kuwa daga tudu yake zuwa. An sare sabara da geza a kan tuddai don itacen girki da ake kawowa birni, an daina barin gona ta huta, sai ƙasa ta daskare ta zama faƙo, ruwan sama ya daina shiga cikinta. Ruwan da ya kamata ya nitse ya riƙa tsatsowa sannu a hankali, yanzu cikin sa'a ɗaya yake taruwa, ya yanka kwazazzabo, ya kwashi ƙasar gona ya zubar a kogi. Masana ruwa sun lura cewa Sirba tana kawo ruwa a yanzu fiye da yadda take kawowa kafin farin shekarun 1970, duk da cewa a wancan lokacin an fi samun ruwan sama, kuma wannan yana cikin abin da ya sa ambaliyar 2012 da ta 2020 suka yi wa unguwannin Harobanda ɓarna. Wanda ya tsaya a bakin korin Kurtere ko na Bubon da rani zai ga tarin yashin da ya kutsa cikin kogi kamar an jibge da mota. Ga kifi, illar kashi-kashi ce. Yashi yana cike gurabe masu zurfi da manyan kifaye ke fakewa da bazara, yana binne saiwar burgu, laka tana lulluɓe ƙwai ta hana shi iska, sannan, abin da ya fi muni, yana ɗaga bakin reshe har ruwa ya riƙa shiga fadama a makare ya kuma yanke da wuri. Na sha ganin fadamar da bakinta ya rufe da tudun yashi wanda bai wuce tsayin gwiwa ba, ƴaƴan kifi dubbai sun maƙale a ɗan ruwan da ya saura a bayansa, balbelu sun yi musu zobe, alhali kogi yana nan taki kaɗan daga wurin.

Saboda haka gyaran gidan kifi yakan fara ne a wurin da babu kifi ko ɗaya, wato a gonar manomin tudu. A wannan fanni mutanen jihar Tawa sun riga mu nisa. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, da ramukan tassa da manoman Illela da Badagishiri suka mayar da faƙo gona da su, da ramuka masu siffar rabin wata, da jera duwatsu a gicciye bisa gangare, duka dabaru ne na tsayar da ruwa a inda ya faɗi. Hukumar kula da kogin, wadda ƙasashe 9 ke cikinta kuma cibiyarta ke nan Yamai, ita ma ta gudanar da shirin yaƙi da cikewar kogi da yashi a Nijar da Mali da Burkina Faso. Manomin tudu ba don masunci zai yi wannan aiki ba, don geronsa zai yi, amma kowane kwandon ƙasa da ya zauna a gonarsa ya rage abin da zai toshe bakin fadama. A gaɓar korin kanta, jema da gamba suna riƙe ƙasa da saiwarsu, giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwar ruwa a gindinsu, kuma barin ɗan fili tsakanin gona da gaɓa ba tare da an kai masa garma ba ya fi kowane gini arha. Masu buga tubali da masu ɗibar yashi su ma ya kamata maigari ya nuna musu inda ɗiba za ta buɗe hanya, ya hana su inda za ta rusa gaɓa.

Abu na biyu aikin hannunmu ne, kuma a nan dole in fara da kaina. Wata shekara na kasance cikin waɗanda suka jagoranci gina shingen duwatsu cikin kwandon waya a wani kori, don rage ƙarfin ruwa da tare yashi. Shingen ya yi aikin da aka gina shi dominsa, amma mun ɗaga shi ya kai ƙugu, ba mu bar ko ɗan tsagi a tsakiya ba. Da damina ta kama, sarkin ruwan ƙauyen ya aiko a kira ni, muka je da asuba, muka tarar da tarwaɗa jibge a gindin shingen suna ta tsalle suna faɗowa, yara suna kwasa da kwanduna da hannu. Ya ɗauki guda ɗaya ya matsa cikinta a hankali, ƙwai ya fito, bai ce mini komai ba. Tabkin da ke saman wannan korin, wanda ƙauyuka uku ke su a cikinsa da kaka, bai samu sabon kifi ba a shekarar. Da rani muka rage tsakiyar shingen, muka jera duwatsu a gangare mai sauƙi daga ƙasansa, yadda ruwa zai riƙa gangarowa mataki-mataki, kowane mataki bai fi taƙi ɗaya ba kuma da ɗan gurbin hutawa a tsakani. Aikin kwana kaɗan ne, da tun farko muka tambayi masunta da ba mu yi shi sau biyu ba.

Irin wannan cikas yana nan a ƙarƙashin hanyoyin mota da yawa. Idan aka ɗora kwalbati sama da ƙasan kori, ruwa yakan zubo daga bakinsa ya haƙa rami, kowace damina tazarar na ƙaruwa, har kifi ya kasa hawa. Idan kuma ya yi ƙunci, ruwa yakan fito da ƙarfin da ƙaramin kifi ba zai iya kutsawa ba. Gyaransa shi ne a nitsar da gindinsa ƙasa da shimfiɗar korin yadda yashi da tsakuwa za su kwanta a ciki, a kuma yi shi da faɗin korin. Magadan gari da ke ba da aikin hanyoyin karkara suna iya sa wannan sharaɗi tun a takardar kwangila. Manyan madatsai ma haka ne. A madatsar Markala ta ƙasar Mali, wadda aka kammala a 1947, an yi wa kifi matakala, amma ba ta wadatar da ayarin da ke taruwa a gindinta ba. Ga shingen Gudel da aka gina a 1989 don ruwan shan birni, ga kuma madatsar Kandaji da ake ginawa a jihar Tilaberi, wadda za ta sauya lokaci da girman cikar kogi a duk ƙasanta. A ganina, masunta suna da haƙƙin a zauna da su a kan yadda za a riƙa sakin ruwa.

Gandayen shinkafa irin na Saga da Kirkisoye da Libore a kan tsoffin fadamu aka yi su, kuma ba mai cewa a rushe ganuwarsu, domin abinci suke ba mu. Abin da ake nema shi ne a kare fadamun da suka saura a waje, a sa raga mai ƙaramin ido a bakin bututun injin jan ruwa don kada ya zuƙe ƴaƴan kifi, a kuma daina wanke gongonin maganin ƙwari a magudanar da ke komawa kogi.

Sauran magana ta masunta ce, kuma iyayenmu sarakunan ruwa sun fi ni saninta. Jera gura, wato tarkon kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa a bakin reshe lokacin hawan kifi kama uwa ne da cikinta, sangen da aka raba don kare yara daga sauro kuwa, idan aka ja shi a fadama, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba. Dokar su ta ƙasa ta haramta guba da abin fashewa da raga mai ƙaramin ido, sai dai ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai iya gadin ƙoramu goma cikin dare ba. Abin da ke aiki shi ne hanin da gari ya ɗora wa kansa. A Argungu ana rufe kogin Matan Fada har sai ranar da aka buɗe su, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da ake nunawa a bikin, a Albarkaize ta wajen Gaya ma an san al'adar hutar da ruwa. Ko inda ba za a rufe ruwa ɗungurungum ba, a bar tsakiyarsa a buɗe, a kafa gura a gefe ɗaya, a kuma ɗaga kayan su a makonnin farko na jan ruwa. A tabkuna irin na Tabalak da Dan Dutsi a jihar Tawa, waɗanda ba su haɗe da kogi ba, sai an ɗauko ƴaƴan kifi an zuba, da kuɗin mota da wahalar riƙe su da rai a hanya. Fadamar bakin kogi ita ke zuba wa kanta, muddin bakinta a buɗe yake.

Lokacin wannan aiki shi ne daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da koriyoyi suka bushe kuma ana iya ganin komai. Maigari da sarkin ruwa da wakilin makiyaya da na manoma su bi korinsu da ƙafa tun daga bakin kogi har zuwa inda ya faro, su lura da kowane tudun yashi da kwalbati da shinge da gaɓar da ta zube, su sanar da ofishin gandun daji na kwaminsu abin da ya fi ƙarfin gayya. A fara gyara da cikas ɗin da ya fi kusa da kogi, domin buɗe na sama ba shi da amfani idan kifi bai wuce na ƙasa ba. Yashin da aka yashe daga bakin reshe a kai shi nesa da gaɓa, kada ruwan farko ya maido shi, sannan a tanadi saiwar jema da burgu tun kafin damina, a dasa su da zarar ƙasa ta jiƙa.