Funky Drummer (waƙar James Brown)

Funky Drummer waƙa ce ta salon kiɗan fank wadda mawaƙin Amurka James Brown ya ɗauka tare da makaɗansa ranar 20 ga Nuwamba, 1969, a situdiyon kamfanin King Records da ke birnin Cincinnati na jihar Ohio. An fitar da ita a watan Maris na 1970 a ƙaramin faifai, an raba ta kashi biyu. Lokacin da ta fito ba ta yi wani tashe na a zo a gani ba: ta tsaya a lamba ta 20 a jerin waƙoƙin R&B na mujallar Billboard, a babban jeri kuwa lamba ta 51. Sunan da ta yi daga baya ya samo asali ne daga wani ɗan guntun wuri mai tsawon kusan daƙiƙa 20, inda sauran makaɗa suka yi shiru aka bar mai ganga Clyde Stubblefield shi kaɗai. Wannan guntun na cikin sautukan da aka fi tsakurowa a tarihin kiɗan zamani, domin ya shiga waƙoƙi fiye da 1,000.

Yadda waƙar take

Kusan a ce kiɗa ne zalla. Babu baitoci tsararru, Brown yana ta jefa magana ne yana zuga makaɗansa ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa kuma yana taɓa ogan, Maceo Parker na busa saksofon, Jimmy Nolen na kaɗa jita. Bayan an haura minti biyar sai Brown ya sanar cewa za a ba mai ganga fili. Ya ce masa kada ya yi wata bajinta, ya dai riƙe abin da yake bugawa. Ya ƙirga huɗu, kowa ya ɗauke hannu.

Abin da Stubblefield ya buga a nan yana da sauƙin ji, yana da wuyar kwaikwayo. Hannu ɗaya yana kan fayafayan ƙarfen nan biyu da ake haɗe bakinsu da ƙafa, yana bugu ƙanana a jere babu yankewa. Ɗaya hannun yana kan ƙaramar ganga, yana haɗa bugu mai ƙarfi da wasu raunana waɗanda sai an kasa kunne ake jin su. Waɗannan raunanan su ne gishirin kiɗan, su ke sa shi rangaji. Makaɗa da yawa sun iya jera bugun daidai da yadda yake, amma kaɗan ne ke fito da wannan rangajin.

An haifi Stubblefield a Chattanooga ta jihar Tennessee a 1943. Bai yi makarantar kiɗa ba. Ya sha faɗa cewa daga ƙarar masana'antu da jiragen ƙasa na garinsu ya fara koyon tsarin bugu. Ya shiga ƙungiyar Brown a 1965, kuma shi ne ya buga ganga a Cold Sweat ta 1967, wadda ake lissafawa cikin waƙoƙin da suka kafa fank.

Farfaɗowarta

Waƙar ta yi shekara 16 ba ta shiga wani kundi ba. A tsakanin nan gambarar zamani, wato hip-hop, ta tsiro a unguwar Bronx ta birnin New York, inda masu juya faifai irin su DJ Kool Herc suka lura cewa 'yan rawa sun fi zabura a wuraren da ganga ke tafiya ita kaɗai. Sai suka riƙa sa faifai biyu iri ɗaya suna maimaita wurin. A 1986 aka fitar da kundin In the Jungle Groove, wanda ya ƙunshi cikakkiyar waƙar mai tsawon fiye da minti 9, da kuma wani gyararren sashe da ya maimaita bugun gangar kusan shi kaɗai. Hakan ya zo daidai da yaɗuwar na'urorin tsakuro sauti masu sauƙin kuɗi, irin su E-mu SP-1200 da ta fito a 1987. Matashin da ba shi da halin ɗaukar makaɗi ya samu ganga a shirye, tsaf, babu wani kayan kiɗa da ya rufe ta.

Daga nan bugun ya bazu. Yana cikin Run's House ta Run-DMC a 1988, da Mama Said Knock You Out ta LL Cool J a 1990. Ƙungiyar Public Enemy ta yi amfani da shi fiye da sau ɗaya, a Fight the Power ta 1989 ma har ta ambaci sunan waƙar a cikin baiti. Ya tsallaka zuwa wajen gambara: George Michael ya sa shi a Freedom! '90, mawaƙiyar Ailan Sinéad O'Connor kuma ta ɗora masa wata tsohuwar waƙar makoki a 1990. Mutane da dama sun san wannan bugu a kunne tun suna yara ba tare da sun taɓa jin asalin faifan ba.

Batun haƙƙi

A nan ne tarihin waƙar yake da ɗaci. Sunan James Brown kaɗai aka rubuta a matsayin mai ita. Stubblefield ma'aikaci ne da ake biya ladan aikinsa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta fi kare kalmomi da karin waƙa a kan tsarin bugun ganga. Saboda haka ko bayan da aka fara tilasta wa masu tsakure neman izini da biyan kuɗi, musamman bayan shari'ar da aka yi wa mawaƙin gambara Biz Markie a 1991 kan tsakuro waƙar wani ba tare da izini ba, kuɗin na zuwa ne ga masu mallakar faifan da waƙar. Mutumin da hannunsa ya fitar da sautin bai samu rabo ba. Ya bayyana a fim ɗin gaskiya na Copyright Criminals a 2009, kuma a hirarrakinsa ya nuna cewa rashin ambaton sunansa ya fi damunsa a kan rashin kuɗin.

Ya bar ƙungiyar Brown a farkon shekarun 1970, ya zauna a birnin Madison na jihar Wisconsin, inda ya daɗe yana kiɗa kowace ranar Litinin da dare a gidajen rawa na garin. Da ciwon daji ya kama shi ba shi da inshorar lafiya. Sai bayan rasuwar mawaƙi Prince a 2016 ya bayyana cewa Prince ne ya biya masa dubban daloli na kuɗin asibiti a asirce. Stubblefield ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 2017, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 73. A wannan shekarar Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta ba shi digirin girmamawa.