Minicraft

Minicraft ƙaramin wasan kwamfuta ne na neman tsira da rai, wanda Markus Persson, ɗan ƙasar Suwidin da aka fi sani da Notch, ya haɗa cikin awa 48 a watan Disamba na 2011. Ya yi shi ne domin zagaye na 22 na Ludum Dare, gasar haɗa wasannin kwamfuta cikin ɗan gajeren lokaci, wata guda kacal bayan fitowar cikakken Minecraft, wasan da ya yi masa suna a duniya.

Gasar

An fara Ludum Dare a 2002. A babban rukuninta mutum ɗaya ne ke yin komai, zane da sauti da rubutun manhaja, cikin kwana biyu, sannan ya saki rubutun kowa ya gani. Mahalarta ke zaɓen jigo ta hanyar ƙuri'a, kuma ba a bayyana shi sai lokacin farawa ya yi. Jigon wannan zagaye shi ne kaɗaici, wasannin da aka gabatar kuwa 891 ne. Persson ba baƙon gasar ba ne, domin a watan Agustan shekarar ya shiga da wani wasa mai suna Prelude of the Chambered. Da harshen Java ya rubuta Minicraft, yana aiki jama'a na kallonsa kai tsaye ta intanet.

Yadda ake yin sa

Daga sama ake kallon filin, kamar tsofaffin wasannin Zelda. Ɗan wasa kan tsinci kansa a wani tsibiri da kwamfuta ke zanawa sabo a kowane farawa, ba shi da komai sai teburin kafinta da safar hannu ta ɗaga kaya. Da hannu zai fara dukan itace. Daga itacen sai gatari da diga da shebur da fartanya da takobi, waɗanda ke da daraja hawa biyar: na katako, na dutse, na ƙarfe, na zinariya, sai na duwatsu masu daraja.

Babu ma'aunin yunwa, abin da zai ba wanda ya saba da irin waɗannan wasanni mamaki. Abu biyu ake lura da su, lafiya da kuzari. Sara da haƙa da iyo duk suna cin kuzari. Wanda ya daɗe a ruwa har kuzarinsa ya ƙare, lafiyarsa ce za ta fara zaizayewa. Tuffa da burodi ke mayar da lafiya, burodin kuwa sai an noma alkama an kai tanderu.

Duniyar wasan hawa biyar ce: doron ƙasa, rami uku a ƙarƙashinsa, da sararin sama. Ƙarfe na ramin farko, zinariya na na biyu, duwatsu masu daraja na can ƙasa inda narkakken dutse yake. Ramukan duhu ne ƙirin, don haka sai an haɗa fitila da itace da gilashi da yauƙin wasu halittu masu tsalle. Su da gawarwaki masu yawo ne kaɗai abokan gaba na yau da kullum.

Nan ne dabarar tsarin take. Matakalar hawa sama tana doron ƙasa tun farko, amma wani dutse mai tauri ya kewaye ta, wanda ba ya fasuwa sai da diga mafi daraja. Wato mai son hawa sama sai ya fara nutsawa har ramin ƙarshe. A saman ne Matsafin Iska yake, shi kaɗai ne mai hankali a wannan duniya ban da ɗan wasan, kuma kashe shi shi ne nasara. Yawanci a wasannin tsira kaɗaici masifa ce da ake neman kuɓuta daga gare ta. Persson ya mayar da shi ladan wanda ya ci.

Gaggawar aikin ta bar alama. Ba dare ba rana, kuma ba a iya ajiye inda aka tsaya, wanda ya mutu sai ya koma farko.

Bayan gasar

Persson ya ambaci ci gaban wasan da sunan MiniTale, amma bai fito ba. Masu sha'awa ne suka ɗauki rubutun da aka saki suka ɗora a kai. Mafi shahara cikin ayyukansu shi ne Minicraft Plus, wanda ya ƙara ajiye wasa, da dare da rana, da ma'aunin yunwa, da sababbin abokan gaba.