Monica Aldama

Monica Aldama kociyar ciyalidin ce 'yar Amurka, an haife ta a 1972, ta yi kusan shekara 30 tana horar da tawagar Kwalejin Navarro da ke garin Corsicana a jihar Texas. Ciyalidin ɗin nan asalinsa zuga ne kawai, ɗalibai su tsaya gefen fili suna yi wa 'yan ƙwallon makarantarsu kirari da tafi, ana danganta farkonsa da Jami'ar Minnesota a 1898, amma yanzu ya zama wasa mai zaman kansa wanda ake alkafura a cilla mutum sama a cafe shi.

Tasowa da karatu

A Corsicana ta girma, ƙaramin gari ne kudu da Dallas. Ta yi ciyalidin a ƙaramar kwalejin Tyler, sannan ta wuce Jami'ar Texas a Austin ta karanta harkar kuɗi, daga baya ta ƙara da digiri na biyu a kasuwanci. Burinta lokacin shi ne aiki a Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York, aikin koci bai ma zo mata a rai ba.

Navarro

Ta karɓi aikin horar da tawagar Navarro a 1995. Navarro kwaleji ce ta shekara biyu, wato da yaro ya fara gogewa sai ya gama ya tafi, shi ya sa a shekarun da ta yi can kullum cikin gina sabuwar tawaga take. Duk wahalar shekara kuma saboda gasa ɗaya ce, ta NCA, ƙungiyar 'yan ciyalidin ta ƙasa, da ake yi a Daytona Beach ta Florida cikin watan Afrilu, wasan gaba ɗaya minti 2 ne da daƙiƙa 15, kuma cikin yara kusan 40 mutum 20 kaɗai za su hau tabarmar da ake wasan a kai, sauran suna gefe suna kallo ko da sun yi wata da watanni suna atisaye da targaɗe a ƙafa. Mafi haɗari shi ne dala: ƙarti a ƙasa, wasu a kafaɗunsu, can ƙololuwa yarinya tsaye da ƙafa ɗaya, hannun mutum ɗaya ya goce shi kenan kowa ya zube. A lokacin, Aldama maimaici take sa su har sai jiki ya haddace, kuma tana zama da takardar maki tana lissafin inda za a samu ƙari kamar akanta, karatun kuɗin bai tafi a banza ba dai.

Kofin farko ya zo a 2000. Zuwa 2019 sun ɗauka sau 14, sau biyar kuma makinsu ya fi na kowace makaranta a gasar har da manyan jami'o'i. Babbar kishiyarsu kwalejin Trinity Valley ce da ke garin Athens, nan kusa da su, ita ta doke su a 2021 bayan korona ta sa an soke gasar 2020.

Talabijin

A Janairun 2020 Netflix ta saki shirin Cheer wanda ya bi tawagar har Daytona, nan duniya ta san Aldama, aka ga yadda yaran da wasu suka fito daga gidaje masu matsala ke ɗaukar ta kamar uwa. Masu suka kuwa sun ce ana barin yara su ci gaba da atisaye da ciwo a jikinsu. A shekarar Aldama ta shiga gasar rawa ta Dancing with the Stars, ta fitar da littafi a 2022.

Taƙaddama

A 2022 kotu ta ɗaure wani tsohon ɗan tawagar, Jerry Harris, shekara 12 kan laifin lalata da ya shafi yara. A 2023 wata tsohuwar ɗaliba ta kai ƙarar Navarro da Aldama tana zargin an nemi rufe maganar cin zarafin da ta ce an yi mata, Aldama ta musanta, daga baya aka cire sunan Aldama daga ƙarar.

Ta bar Navarro a ƙarshen 2023.