Tambayoyi da Amsoshi a kan Lamba 2,147,483,647

Tun da na rubuta wannan lamba a allo a ajinmu na Garwa, ɗalibai da iyayensu suke ta maimaita mini tambayoyi iri ɗaya, saboda haka ga amsoshinsu a wuri guda.

Yaya ake karanta ta?
Miliyar 2 da miliyan 147 da dubu 483 da 647. A Najeriya biliyan suke cewa, amma a Faransancin da muke karatu da shi biliyan miliyar dubu ce, don haka ku daina gwama su.

Cika ce ko mara?
Mara ce, tunda da 7 ta ƙare. Wannan bai kamata ɗan sakandare ya tambaya ba.

Wani Alhaji ya ce, dala nawa ke nan?
Alhaji, idan sefa ce, tunda dala ɗaya sefa 5 ce, dala 429,496,729 ce da ragowar sefa 2, domin 5 ba ta raba ta.

To, me ke raba ta?
Babu, sai 1 da ita kanta. Ana samun ta idan aka jera 2 har guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire 1, kuma irin waɗannan lambobi ana kiransu da sunan Mersenne, wani masanin lissafi Bafaranshe. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772.

Zan iya tabbatarwa da kaina ba tare da kwamfuta ba?
Za ka iya, amma da sharaɗi. Ba sai ka gwada kowace lamba ba. Ka tsaya a 46,340, domin duk mai raba ta da ya wuce nan dole yana da abokin ninki a ƙasa. Ko a hakan aikin yana da yawa, sai dai akwai sauƙi: duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 62 da ƙarin 1, kamar 311, kuma da irin wannan dabara Euler ya rage wahalarsa. Hattara da kalkuletar kanti mai gurbi takwas, wadda ba ta ma ɗaukar lambar, kuma ko babbar tana iya taƙaita sakamako ta ɓoye maka ragowa, ka ɗauka rabo ya tafi daidai alhali bai tafi ba. Na ga ɗalibi mai ƙwazo ya cika shafi uku na littafinsa, ya zo mini da murna wai ya samo mai raba ta, ashe 1 ya manta bai ɗauko ba a layi na huɗu. Idan haka ta same ka, kada ka karaya, ɗana. Maimaita kowane rabo sau biyu.

Ashe duk irin wannan lamba ba ta rabuwa?
A'a, kuma na gaji da gyara wannan kuskure. Jera 2 guda 11 ka ninka, ka cire 1, za ka sami 2,047, wato 23 sau 89.

Me ya haɗa ta da kwamfuta?
Ita ce iyakar ƙirgen manhajoji da yawa masu gurbi 32 (wato bit, gurbin da ke ɗaukar 0 ko 1 kawai), shi ya sa agogon wasu tsofaffin na'urori, wanda ke ƙirga sakan ɗaya bayan ɗaya, zai cika a ranar 19 ga Janairu, 2038.