Ƙirgen kati a blackjack: ya gidajen caca ke hana shi?

Samari nan Gusau sun dame ni da wagga tambaya tun da sunka ga wasu bidiyo a TikTok. Caca dai haramun ce, ko Hisbah ba ta ƙyale ka, bayani kawai za ni yi.

Mi ake nufi da ƙirgen kati?

Blackjack wasan kati ne na caca, so ake jimlar katunanka ta kusanci 21 ba ta wuce ba. Katin da ya fito ba ya komawa sai an sake cakuɗawa, to in ƙanana sunka fita da yawa ka san manya ne sunka rage, kuma manya ɗan wasa suke taimako. Mai ƙirge yana ƙara ɗaya a ransa in 2 zuwa 6 ta fito, ya rage ɗaya in 10 ko mai hoto ko As (kati mai harafin A) ta fito, in lissafi ya hau sai ya zuba kuɗi da yawa. Wani malamin lissafi a Amurka, Edward Thorp, shi ya fallasa dabarar a littafinsa na 1962.

Laifi ne a dokarsu?

In da kanka kake lissafi ba laifi ba ne, amma amfani da waya ko wata na'ura laifi ne a Nevada, jihar Amurka da birnin caca na Las Vegas yake ciki.

To mi suke yi?

Nan wayon yake. A da da fakiti ɗaya ake wasa, yanzu sai su haɗa 6 ko 8, kuma ba a rabawa har ƙarshe, akwai wani katin roba da suke sokawa ciki, da an iso shi sai a sake cakuɗawa, duk lissafin da ka tara ya bi ruwa. Wasu teburan ma inji ne ke maida katin ciki bayan kowane zagaye, nan kam babu abin ƙirgawa. Sannan sun rage biya, inda ake ba ka 3 kan 2 in katinka biyu na farko sunka haɗa 21 ya koma 6 kan 5, wanda ya sa dala 10 ya samu 12 maimakon 15. Ni a ganina wannan ya fi duka mugunta don har wanda bai iya ƙirge ba ya shafa.

Ya suke gane mutum?

Kuɗinka ke tona ka. Kana sa kaɗan kaɗan kwatsam ka ninka sau goma, kyamarorin saman rufi na kallo, mai kula da tebur na kallo, wasu wuraren har da manhajar gane fuska.

In sun gane ka fa?

A Las Vegas sai a dafa ka cikin ladabi a ce ka yi kowane wasa ban da wannan, ko a ce kar ka canza adadin da kake sawa, ko a kore ka gaba ɗaya. A Atlantic City, birnin caca na jihar New Jersey, ba su da ikon korar mutum don ƙirge, don wani mai ƙirgen kati, Ken Uston, ya kai ƙara kuma kotun ƙolin New Jersey ta ba shi gaskiya a 1982, shi ya sa can sai su yi ta cakuɗa kati duk sanda ka ɗaga kuɗi har ka gaji ka tashi.